Gidan naka ne, ƙasar ta birni ce: nazarin unguwar False Creek ta Kudu a Vancouver

Wurin, kafin 1960

Birnin Vancouver yana gaɓar yammacin Kanada, a lardin British Columbia. Wani hannun teku ya kutso cikin birnin ya raba tsakiyar gari da unguwannin kudu, shi ake kira False Creek, wato rafin ƙarya. Wani hafsan jirgin ruwan Ingila mai suna George Henry Richards ne ya laƙaba masa sunan a 1859, lokacin da yake auna gaɓar: ya shiga yana zaton ruwan zai ɓulle da shi wani wuri, sai ya tarar ya tuƙe.

Kafin zuwan Turawa wurin na 'yan asalin ƙasar ne, mutanen Squamish da Musqueam da Tsleil-Waututh. A bakin mashigin akwai ƙauyen Senakw, wanda gwamnatin lardi ta tashi mutanensa a 1913, aka loda su a jirgin dakon kaya aka fitar da su, aka ƙone gidajen. A lokacin masana'antu sun riga sun mamaye gaɓar, domin tun da layin dogon Canadian Pacific ya iso birnin a 1887 injinan tsaga katako suka yi ta jeruwa a bakin ruwan. Daga baya maƙerun ƙarfe da wuraren ƙera jiragen ruwa suka biyo. An cike gabashin mashigin da ƙasa aka gina tashoshin jirgin ƙasa a kai, an kuma tara yashin da aka yaso daga ƙarƙashin ruwa aka yi tsibirin Granville domin ƙarin masana'antu.

Duk ƙazantar waɗannan wurare cikin ruwan take ƙarewa, haɗe da ta magudanan bayan gida. Gumagumai suna yawo a kan ruwa ɗaure da juna, hayaƙin garin katako da ake ƙonawa yana rufe sama. Zuwa shekarun 1950 har akwai masu cewa a cike ragowar mashigin da ƙasa kowa ya huta.

1960 zuwa 1972: gobara, musayar fili, sabbin kansiloli

A watan Yulin 1960 gobara ta cinye babbar masana'antar katako ta BC Forest Products da ke gaɓar kudu, kuma ba a sake gina ta a wurin ba. Sauran masana'antun ma sun tsufa, masu ƙarfi a cikinsu suna komawa bayan gari inda fili ya fi araha. Abin da ya rage wa birnin shi ne doguwar gaɓa mai ƙazanta, tafiyar 'yan mintoci daga tsakiyar gari, wadda ba ta kawo harajin kirki.

Abubuwa biyu suka faru a 1968. Na farko, birnin ya yi musaya da gwamnatin lardi: ya ba da filinsa da ke kan dutsen Burnaby, inda jami'ar Simon Fraser take, ya karɓi eka 85 a gaɓar kudu, inda unguwar False Creek ta Kudu take a yau. Na biyu, an zaɓi Walter Hardwick, malamin nazarin ƙasa a jami'ar British Columbia, a matsayin kansila ƙarƙashin wata sabuwar ƙungiyar siyasa da ake kira TEAM. Hardwick da ɗalibansa sun daɗe suna nazarin mashigin, kuma ra'ayinsu shi ne masana'antun sun gama yayinsu, mutane ya kamata su zauna a wurin.

Zuciyar mutanen gari ma ta riga ta juya. A ƙarshen shekarun 1960 sun yi fito-na-fito da shirin ratsa unguwar 'yan Sin da ta Strathcona da babbar hanyar mota, suka kuma yi nasarar tsayar da mafi yawansa, ko da yake an rushe unguwar baƙaƙen fata ta Hogan's Alley domin gadar sama. Sun kuma ga yadda gidajen gwamnati da aka ware wa talakawa zalla suka zama wuraren da ake nunawa da baki. A zaɓen Disamban 1972 TEAM ta lashe rinjaye a majalisar birni, Art Phillips ya zama magajin gari.

1973 zuwa 1976: kashi uku

Muhawarar farko ita ce me za a yi da filin. Hukumar kula da lambunan birni da wasu ƙungiyoyi suna son a mayar da shi wurin shaƙatawa gaba ɗaya. 'Yan kasuwa suna ganin asara ce a zaunar da mai ƙaramin ƙarfi a fili mai wannan daraja. Wasu kuma suka ce wurin ba zai zaunu ba sam, ga layin dogo, ga ƙarar motocin titi na shida, babban titin da ke bin bayan filin, ga ruwa mai wari. Har wani jami'in tsara birni ya ajiye aikinsa saboda adawa da shirin.

Majalisa ta amince da tsarin ginin a 1974, kuma ƙashin bayansa shawarwari biyu ne.

Ta farko, mazauna unguwar su yi kama da mazauna birnin baki ɗaya: kashi ɗaya cikin uku masu ƙaramin samu, kashi ɗaya masu matsakaici, kashi ɗaya masu hali. Da yake samun mutum yana hawa yana sauka, sai aka ɗaure rabon da irin riƙon gidan. Akwai gidajen haya masu rangwame da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba suke gudanarwa, akwai gidajen ƙungiyoyin gama-kai, akwai kuma gidajen sayarwa da na haya a farashin kasuwa. Aka cakuɗa su a fili ɗaya, ba a ba masu kuɗi bakin ruwa aka tura sauran baya ba.

Gidan gama-kai yana buƙatar ɗan bayani, domin shi ne tsakiyar labarin. Ginin mallakar ƙungiya ne, mazauna su ne 'yan ƙungiyar. Mai shiga yana sayen ɗan ƙaramin hannun jari wanda za a mayar masa ranar da zai fita, sannan yana biyan kuɗin wata da ke ɗaukar bashin gini da gyare-gyare. Wanda samunsa bai kai ba ana yanka masa gwargwadon abin da yake samu. Su suke zaɓen shugabanninsu, su suke tantance sabon mai shiga, su suke yanke shawarar yaushe za a canza rufi. Babu mai ikon sayar da ɗakinsa ya ci riba, don haka ko farashin gidaje ya haukace a gari, gidan yana nan a inda yake.

Shawara ta biyu ita ce birnin ba zai sayar da ƙasar ba. Haya zai bayar ta dogon zango, akasari shekara 60. Wanda ya san takardar mallakar fili ta Najeriya mai wa'adin shekara 99 zai gane tsarin: ginin naka ne, ƙasar tana da mai ita, kuma akwai ranar da wa'adi zai cika. Da wannan tsari birnin ya iya rage wa ƙungiyoyi kuɗin fili, ya karɓi cikakke daga gidajen kasuwa.

Kuɗin ginin kuwa daga gwamnatin tarayya ya zo. A 1973 an yi wa dokar gidaje ta ƙasa gyara, hukumar lamunin gidaje ta Kanada ta fara bai wa ƙungiyoyin gama-kai da marasa neman riba bashin da ya ɗauki kuɗin gini gaba ɗaya, a biya cikin shekara 50 da ruwa mai sauƙi, a kuma yafe kashi 10 cikin 100. Birnin ya kafa ƙaramin ofishi na musamman ƙarƙashin Doug Sutcliffe domin aikin kada ya maƙale a tsakanin ma'aikatu. Mazaunan farko suka tare a 1976, shekarar da Vancouver ta karɓi baƙuncin babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na farko kan matsugunan jama'a.

Shekarun farko: abin da ya kama, abin da ya ƙi

Wanda ya bi hanyar bakin ruwa a yau daga gadar Cambie zuwa tsibirin Granville zai ga siffar da aka zana tun wancan lokaci. Gidajen akasari hawa uku ne, an jera su a zagaye, kowane rukuni da tsakar gidansa, ta yadda uwa za ta leƙo ta tagar kicin ta hango ɗanta yana wasa a ƙasa. Ƙofofi suna buɗewa kan lunguna da aka shimfiɗa wa duwatsu, motoci kuma an tsayar da su daga gefe. Sunayen lungunan suna tuna abin da ya wuce: Sawyer's Lane ta masu tsaga katako, Ironwork Passage ta maƙera, Millbank ta bakin injin. A tsakiya akwai lambun Charleson mai kimanin hekta 7, da tafkinsa da ƙoramar da aka ƙirƙira, ga makarantar firamare a jikinsa, yara suna zuwa da ƙafa ba tare da sun tsallaka titin mota ba. A kan ruwan ma akwai ƙungiyar gama-kai ta masu kwana cikin jiragensu a Spruce Harbour. Mai wucewa ba zai iya nuna maka wane rukuni ne na masu rangwame, wane ne na masu saye ba, kuma da gangan aka yi hakan.

Iyalai sun shigo fiye da yadda masu adawa suka yi tsammani. Kasuwar tsibirin Granville, wadda gwamnatin tarayya ta buɗe a 1979 cikin tsofaffin rumfunan masana'antu, ta jawo mutanen gari da baƙi zuwa gaɓar da a da ake toshe hanci in an zo wucewa. Ruwan ma ya farfaɗo sannu a hankali bayan tashin masana'antu, har a watan Mayun 2010 wani babban kifin whale ya shigo mashigin mutane suka yi cincirindo a kan gadoji suna kallo. Amma har yanzu ba ruwan wanka ba ne, saboda tsofaffin magudanan birnin suna amayo ƙazanta idan ruwan sama ya yi yawa.

Abubuwa uku ba su tafi yadda aka so ba. Masu tsarin sun ɗauka mazauna za su haƙura da mota, sai suka rage wuraren ajiye ta. Mutane suka zo da motocinsu, dole aka ƙara wurare daga baya. An tara tudun ƙasa mai kama da ganuwa a gefen titi na shida domin tare ƙara. Ya tare ƙarar, ya kuma yanke unguwar daga maƙwabtanta na kan tudun Fairview, sai ta 'yan mashigai kaɗan ake shiga. Na uku shi ne dandalin Leg-in-Boot, wanda aka so ya zama kasuwar unguwa. (Sunan daga wata ƙafar mutum ne cikin takalmi da ruwa ya turo gaɓa a 1887, 'yan sanda suka rataye ta ko wani zai gane mai ita.) Shagunan dandalin sun yi ta buɗewa suna rufewa, domin babu hanyar da ke ratsawa ta wurin, kuma mazaunan ba su kai yawan da zai riƙe kasuwa ba.

An ci gaba da gini kashi-kashi har cikin shekarun 1980, na baya sun fi na farko tsawo da cunkoso. A ƙarshe filin birnin ya ɗauki gidaje kimanin 1,800, unguwar duka kuma mutum tsakanin 5,500 da 6,000.

1988 zuwa 2014: an gwada a maƙwabta

Sau biyu aka sake gina tsohon filin masana'antu a bakin wannan ruwa, kuma dukkansu suna haska labarin.

A gaɓar arewa, bayan baje kolin duniya na 1986, gwamnatin lardi ta sayar da filin gaba ɗaya a 1988 ga kamfanin Concord Pacific na attajirin Hong Kong, Li Ka-shing, a kan dalar Kanada miliyan 320. Birnin ya sa sharaɗin a ware kashi 20 cikin 100 domin gidaje masu rangwame. An ware filayen. Sai dai gwamnatin tarayya ta rufe shirinta na gama-kai a 1992, ta kuma daina ba da kuɗin sabbin gidajen rangwame daga 1993. Benayen gilashi suka tashi, wasu daga cikin filayen da aka ware suka yi sama da shekara 20 babu bulo ɗaya a kansu.

A kudu maso gabas, inda aka gina ƙauyen 'yan wasan Olamfik na hunturun 2010, majalisa ta fara da alƙawarin kashi uku irin na False Creek ta Kudu. Majalisar da ta biyo baya ta rage shi. An sayar da filin ga kamfanin Millennium a kan dala miliyan 193, sannan rikicin kuɗi na 2008 ya zo, mai ba da bashin ya janye, birnin ya ɗauki nauyin ƙarasa ginin domin ranar wasanni ba ta ɗaguwa. Daga gidaje kimanin 1,100, guda 252 aka tanada domin rangwame, kuma rabinsu aka bayar haya a farashin kasuwa saboda kuɗin gini ya zarce lissafi. Sai a 2014 birnin ya rabu da ragowar gidajen sayarwa.

2006 zuwa 2021: wa'adi ya fara matsowa

Shekara 60 tana da nisa ga mai sa hannu a 1976. Ga wanda ya gaji gidan ko yake son saya a yau, ta zo bakin ƙofa. A yadda aka rubuta su tun farko, mafi yawan takardun hayar za su ƙare tsakanin 2036 da 2046, wasu ƙungiyoyin gama-kai da aka ba shekara 40 kuma nasu ya riga ya zo tun farkon shekarun 2020.

Alamar farko ta bayyana ga masu gidajen saye da ba su biya kuɗin filin a dunƙule ba tun farko. Da aka cika shekara 30 aka sake duba kuɗin bisa darajar fili ta lokacin, sai suka ga ya ninka sau da yawa. Daga nan matsalar ta bi kowane irin gida da nata salo. Banki ba ya son ba da bashin shekara 25 a kan gidan da wa'adin filinsa ya kusa, don haka mai son sayarwa sai ya jira mai kuɗi a hannu, matasa masu iyali kuma ƙofa ta rufe musu. Takardun sun ce birnin zai biya mai gida idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, amma har zuwa 2021 ɓangarorin biyu ba su yarda da yadda za a ƙiyasta kuɗin ba. Ƙungiyoyin gama-kai kuwa gine-ginensu na katako sun tsufa a garin da ruwan sama ba ya ɗagawa, suna buƙatar sabon rufi da bututu da tagogi, ga shi ba mai ba su rancen da zai wuce ranar ƙarewar hayarsu. Mutanen da suka tare suna da yara ƙanana sun tsufa a gidajen nan masu matakala, ba su da ƙaramin gida a cikin unguwar da za su koma su bar wa sabon iyali babban.

A 2010 ƙungiyar mazauna ta kafa kwamiti mai suna RePlan domin tattaunawa da birnin. Abin da suka nema a fili yake: a sabunta haya, a ƙara gidaje a filayen da ke zaune haka nan a gefen titi na shida, a gina wurin kula da tsofaffi, a bar rabon kashi uku yadda yake. Shekaru suka yi ta tafiya ana taro ana rahoto. Wani ɓangare na jinkirin daga cikin gidan birnin yake, domin filin yana cikin asusun kadarorin da aka ɗora wa alhakin kawo riba ga dukkan mutanen Vancouver, ofishin da ke riƙe da shi kuma da idon mai gida yake kallon unguwar. A Yulin 2021 majalisa ta amince da ƙa'idar sabunta hayar ƙungiyoyin gama-kai da ke kan filayenta a faɗin birni.

Oktoba 2021

A wannan wata ofishin kadarori ya fito da shirinsa. Za a ninka gidajen da ke filin birni wajen sau uku, su haura 6,000. Yawan gidajen rangwame zai ƙaru, amma kasonsu zai faɗi daga sama da rabi zuwa kusan ɗaya cikin uku. Za a rushe wasu gidajen gama-kai da na rangwame idan wa'adinsu ya cika, a sake gina su ta wajen titi na shida, a sa gidajen kasuwa a gurbinsu kusa da ruwa.

Masu goyon baya suna da hujja mai nauyi. Vancouver tana cikin biranen da gida ya fi tsada a duniya, akwai tashar jirgin ƙasa a gefen unguwar tun 2009, kuma filin na kowa ne, har da dubban da ke jiran gida ba su samu ba. Can bakin mashigin ma mutanen Squamish, waɗanda kotu ta mayar wa wani yanki na Senakw, sun riga sun zaɓi gina gidaje 6,000 a dogayen benaye. Masu adawa kuma suka ce rushe gidan da aka gama biyan bashinsa shi ne rushe gida mafi araha da birnin yake da shi, kuma tura masu ƙaramin ƙarfi bakin titi warware ainihin abin da aka ƙulla a 1974 ne.

Sama da mutum 100 suka yi rajistar magana, majalisa ta yi kwanaki tana saurare. A ƙarshen watan kansiloli suka karɓi rahoton a matsayin bayani kawai, ba tsarin da za a bi ba. Suka umarci sashen tsara birni ya fara aiki tare da mazauna, a riƙe manufar kashi uku, a bar gine-ginen da ke tsaye muddin suna da sauran rai, a kuma ci gaba da tattaunawar haya. Rushewa ta tsaya. Ranar 2036 kuwa a lokacin aka bar ta yadda take a rubuce.

Yadda nake ganin lamarin

Cakuɗar ta ɗore kusan shekara 50, kuma a ganina dalilin bai wuce abu biyu ba: ƙasar ba ta bar hannun birni ba, kuma an sa rangwamen a cikin irin gidan da ba ya sayuwa. Gaɓar arewa tana da sharaɗi a takarda amma babu kuɗin gini. Ƙauyen Olamfik yana da alƙawari, amma da aka sayar da filin da tsada sai bashi ya cinye alƙawarin. False Creek ta Kudu ta samu fili da kuɗin tarayya a lokaci guda, cikin 'yan shekarun da duka biyun suke samuwa. Wannan rabo ne da ya kamata a faɗa, domin kyawun zane kaɗai ba zai kawo shi ba.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne wanda ba a gani da ido. Wurin ajiye mota an gyara, dandalin da babu ciniki ana iya zama da shi. Amma rubuta haya ta shekara 60 ba tare da fayyace abin da zai faru a shekara ta 61 ba ya jefa dubban mutane cikin zullumi tun wa'adin yana da sauran shekara 25, ya hana gyaran gini, ya hana matasa shiga. Laifin nan na birnin ne, kuma kowace majalisa daga 2010 zuwa 2021 ta iske shi ta bar shi.

Ban yarda da masu cewa kada a taɓa komai ba. Unguwa mai hawa uku a wannan wuri za ta iya ɗaukar mutane fiye da haka, su kansu mazaunan sun nuna inda za a sa su. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne tashin mai ƙaramin samu daga bakin ruwa, domin a tsakiyar Vancouver wannan gaɓar na cikin 'yan wuraren da mai aikin jinya ko tsohuwa mai ɗan fansho take buɗe taga ta ga ruwa da duwatsu kamar yadda mai kuɗin da ke maƙwabtaka da ita yake gani. Filayen gefen titi na shida da tsohon layin dogo suna nan babu kowa a kansu, kuma za a iya fara gini a can ba tare da an cire rufin kowa ba.